RAƘUMIN DAWA, ƊAN'UWAN SANIYA MAI KIWO A SAMA

A wannan fitowa ta jaridar ƙungiyarmu za mu ɗan ajiye maganar farashi da ta takardun kan iyaka, mu yi magana a kan wata dabba wadda ba a kawo ta kara, ba ta da dillali, ba a kuma karɓar la'adarta, amma rayuwarta ta sarƙe da ta shanunmu fiye da yadda yawancinmu mu ka zata. Watau raƙumin dawa.

Duk wanda ya saba bin hanyar Yamai zuwa Dosso da lodin shanu ya san wajen Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. A nan ne, in an yi sa'a, a kan hango dogayen wuya sun zarce kan itatuwa, wani lokaci ma su tsallaka kwalta a gaban mota ba ko gaggawa. Da yawa daga cikinmu sai dai mu ce "Ikon Allah!" mu wuce. To, abin da ya kamata mu sani shi ne, waɗannan da mu ke gani su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. In su ka ƙare a Nijar, to, wannan iri ya ƙare ke nan a duniya. Kuma itacen da ke riƙe da ransu da rani, watau gawo, shi ne dai itacen da ke riƙe da ƙashin shanun da mu ke saye da bazara.

SUNAN RAƘUMI, JININ SANIYA

Hausawa sun raɗa masa suna raƙumin dawa saboda dogon wuya da kuma irin tafiyarsa. In ka lura, ƙafar dama ta gaba da ta baya su ke tashi tare, sa'an nan na hagu su biyo, daidai yadda raƙumi ya ke yi. Larabawa su na ce masa zarafa. Rumawan zamanin da kuwa, da su ka ga wuya irin na raƙumi da zane irin na damisa, sai su ka ɗauka barbarar waɗannan biyu ce, har ma sunan da masana ke rubutawa a littattafai ya na ɗauke da wannan zato.

Amma mai sana'a irin tamu, in ya duba da idon kasuwa, nan da nan zai gane inda danginsa su ke. Raƙumi ba shi da kofato, tafin ƙafa gare shi mai laushi. Raƙumin dawa kuwa kofato gare shi rababbe gida biyu kamar na saniya, sai dai faɗinsa ya kan kai santimita 30, kamar farantin cin tuwo. Cikin raƙumi ɗaki uku ne, na raƙumin dawa ɗaki huɗu, daidai da na saniya da tunkiya da akuya. Ya na tuƙa, har ma in ka tsaya kusa za ka ga curin abincin ya na hawa ta cikin wuya kamar ƙwallo, ya tauna, ya sake mayarwa. Ku da ku ke buɗe bakin sa ku duba shekarunsa kun san ba shi da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. To, haka bakin raƙumin dawa ya ke. Ashe ke nan ya fi kusa da bijimin da ke cikin tirelarmu a kan raƙumin da ya ara wa suna. Ɗan'uwansa na kusa-kusa kuwa wata dabba ce mai gajeren wuya da a ke kira okapi, wadda ba a samun ta sai a kurmin ƙasar Kwango.

YADDA ALLAH YA ƘERA SHI

Ba wata dabba a bayan ƙasa da ta kai shi tsawo. Babban namiji ya kan wuce mita 5, wani har 5 da rabi, ta mace kuwa mita 4 da ɗoriya. Nauyin namiji ya kan kai kilo 1,200, watau misalin bijiman Azawak uku a haɗe, ta mace kuma wajen kilo 800.

Wuyan nan da ya kan kai mita 2, ƙasusuwa 7 ne kacal a cikinsa. Haka na saniya ya ke, haka na ɗan Adam. Bambancin kawai shi ne kowane ƙashi guda ya kan kai santimita 25. Harshensa kuma ya kusa rabin mita, mai duhu, mai kama abu kamar hannu. Da shi da leɓen sama ya ke tsince ganye daga tsakanin ƙayoyin bagaruwa da aduwa ba tare da ya ji ciwo ba, gama cikin bakin ya na da kauri, miyaunsa kuma mai yauƙi ne.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yadda jini ya ke kaiwa kansa. Daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa akwai hawan mita 2. Saboda haka zuciyar, wadda ta kai kilo 11, ta na tura jini da ƙarfin da ya ninka na mutum sau biyu. In da mutum ne, da an ce hawan jini ya kashe shi tuni. To, in ya sunkuya shan ruwa fa, me zai hana jinin ya kwararo ya fasa masa kai? Allah ya sa masa wasu 'yan marufai a cikin jijiyoyin wuya masu hana jini komawa baya, da kuma wata saƙa ta ƙananan jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa. Fatar ƙafafunsa kuma a ɗame ta ke tamau, kamar an naɗe ta da rawani, don kada jini ya taru a ƙasa ƙafa ta kumbura.

Duk da haka shan ruwa wahala ne gare shi, don wuyan bai kai ƙasa ba sai ya ware ƙafafun gaba ko ya lanƙwasa su. A wannan hali ne zaki ya fi samun sa'arsa a ƙasashen da ke da zaki. Shi ya sa ba ya daɗewa a mashaya, kuma in ganye ya na da ɗanyantaka ya kan yi kwanaki bai nemi ruwa ba. Barcinsa ma kaɗan ne ƙwarai, 'yan mintoci nan, 'yan mintoci can.

Abin da ke kansa mai kama da ƙaho ƙashi ne da fata ta lulluɓe, ba ya da kube irin na ƙahon saniya. Da shi a ke bambanta mace da namiji daga nesa: na mace siriri ne da tukkun gashi, na namiji mai kauri ne, samansa ya sanƙe saboda faɗa. Faɗan nasu kuwa da wuya a ke yi. Maza biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, kowa ya wurgo kai kamar guduma ya doki ɗan'uwansa a haƙarƙari, har ɗaya ya sallama. In abin kare kai ne, harbi ya ke yi da ƙafa, harbin da ya kan kashe zaki. In ya zabura da gudu kuma ya kan yi kilomita 50 a awa, sai dai ba ya nisa.

Zanen jikinsa ma abin lura ne. Ba a taɓa samun biyu masu zane iri ɗaya ba. Kamar yadda Bafulatani ya san kowace saniya ta garkensa da kamanninta, haka ma'aikatan da ke ƙirga raƙuman dawan Nijar su ke gane kowane ɗaya, su ɗauki hotonsa dama da hagu su ajiye. Na Nijar sun fi sauran haske, zanensu ja-ja ne mai kama da ƙasar tudu, ƙafafunsu daga gwiwa zuwa ƙasa kusan farare.

LISSAFIN HAIHUWA

Ga inda ɗan kasuwa zai fi gane maganar. Saniya wata 9 ta ke yi da ciki. Raƙumar gida wajen wata 13. Raƙumar dawa kuwa wata 15. Ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 4 zuwa 5, ɗa guda ta ke haifa, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa kusan shekara 2 ne. A tsaye ta ke haihuwa, ɗan ya faɗo daga sama kamar mita 2, faɗuwar ce ma ke tsinke cibiya ta sa shi ya ja numfashi. Ya na faɗowa tsawonsa ya kai na babban mutum, wajen mita 1 da santimita 80, kafin awa guda kuma ya miƙe ya kama nono. A daji su kan yi shekara 25 a duniya.

To, ku yi lissafi da kanku. Mace guda, in ta yi tsawon rai, da ƙyar ta ba da 'ya'ya 8 ko 9. In mota ta buge ta tun ta na ƙarama, duk waɗannan sun tafi tare da ita. Wanda ya taɓa sayar da karsana saboda matsi ya san irin wannan asara, gama garke ba ya tashi sai da mata.

KIWO A SAMA, KIWO A ƘASA

Raƙumin dawa ba ya cin ciyawa sai abin da ba a rasa ba. Abincinsa ganye ne da fure da 'ya'yan itace, wajen kilo 30 a yini. Saniya ta na kiwo daga ƙasa zuwa inda bakinta ya kai, shi kuwa ya na ci har zuwa mita 5 da ɗoriya. Shi ya sa a yankin Kure a kan ga garken shanu a ƙarƙashin itace, raƙumin dawa a tsaye a gefe, kowa na cin rabonsa ba mai tsokanar wani.

Su ma su na yin tasu ƙaurar kamar makiyaya. Da damina su na kan tudun Kure da kewaye, inda daji ya ke fitowa layi-layi, layin itatuwa sa'an nan layin fako. A nan su ke cin geza da sabara da taramniya da sarƙaƙiya. In kaka ta wuce, ganyen tudu ya bushe, sai su gangara Dallol Boso, tsohon kwarin nan mai yashi da ruwa kusa, wanda ya bi ta Birnin Gaure. Abin da ke jawo su can shi ne gawo.

Kowa ya san halin gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi ya zubar da ganye ya tsaya kamar matacce, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar ma taki ne. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya ƙone, sai ya yi lif da ganye, ya yi fure, ya zubo da 'ya'ya. 'Ya'yan gawon nan su ne mata da yara ke tsinta su kawo kasuwa a buhu, mu saya wa dabbobin turka. Makiyayi kuma ya hau da gatari ya sassaro reshe wa shanunsa. Ashe mu da raƙumin dawa akushi ɗaya mu ke ci, shi daga baki, mu daga gindi. Ana ba da tarihin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sun san abin da su ke karewa.

DAGA DUBBAI ZUWA 49

A da can raƙumin dawa ya cika wannan yanki namu, daga kogin Sanagal har tafkin Cadi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai wani dutse da mutanen da su ka sassaƙa hoton raƙuman dawa biyu a jikinsa, babban ya fi mita 5, masana kuma sun ce aikin ya fi shekara 6,000. A duwatsun Abzin ɗin nan akwai hotunan shanu ma barjat. Watau lokacin da hamada ta ke da ciyawa da tafkuna, saniya da raƙumin dawa tare su ke kiwo. Da itace ya ƙare a can, duka biyun su ka yiwo kudu.

Sarakunanmu na da sun san darajarsa. Malam Ibn Khaldun ya kawo labarin cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, kuma wajen 1360 jakadun sarkin Mali su ka kai wani birnin Fas, mutane su ka yi cincirindo don kallo. Ku dubi irin korar da a ka sha, a ƙetare hamada da wannan dabba a ƙasa!

Akwai wani labarin da 'yan kora za su ji daɗinsa. Muhammadu Ali Basha mai mulkin Masar ya aika wa sarkin Faransa wata 'yar raƙumar dawa da a ka kamo a Sudan. A ka sa ta a jirgin ruwa daga Iskandariya, a ka huda rufin jirgin don ta sami inda za ta fitar da kai, a ka haɗa ta da shanun tatsa uku masu ba ta madara. Ta sauka Marsai a watan Oktoba 1826. A watan Mayu 1827 a ka kora ta a ƙasa zuwa Paris, shanun na gaba ta na biye, tafiyar kusan kilomita 880 cikin kwana 41, watau kilomita 20 da 'yan kai a yini. Ta rayu a can har 1845. Nonon saniya ne ya kai ta.

Irin namu na Afirka ta Yamma kuwa, wani masani ɗan Ingila ya rubuta shi a littafi a 1898, daga wanda a ka harbe a wajen Lakwaja, inda Kwara da Binuwai su ka haɗu. Wannan ya nuna har can su ke kaiwa. Yau kuwa ba a ganin su a Sanagal, ba a ganin su a Muritaniya ko Mali ko Burkina Faso, a Nijeriya ma babu garke mai zama. Bindiga ta ci nata, gonaki su ka ci daji, sa'an nan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 su ka zo. Dattawanmu ba su manta waɗannan shekaru ba, lokacin da a ke sayar da saniya a kuɗin tunkiya. Ragowar raƙuman dawan da ke wajen Ayoru da iyakar Mali su ka gangaro kudu su ka taru a yankin Kure. A 1996 kuma a ka yi yunƙurin kama wasu don a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashen maƙwabta, da dama su ka mutu a wajen kamun, gama dabba ce wadda in a ka kayar da ita ba da sani ba, ba ta jurewa. Da a ka ƙirga a wannan shekara, 49 kacal su ka rage. Bai kai lodin tirela biyu ba.

YADDA GARKEN YA TASHI

Daga nan hukuma ta farka. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta watan Afrilu 1998, ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da a ka hana taɓawa ɗungum, wanda ya kashe kuma ɗauri da tara na jiransa. Ƙungiyoyi su ka shiga ƙauyukan yankin da rijiyoyi da ƙananan rance, samarin ƙauye su ka zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kallo. Da ya ke babu zaki ko wani babban mai farautarsu a wurin, 'ya'yan su na tsira. A cikin shekara 20 da 'yan kai garken ya tashi daga 49 ya wuce 600.

Kada mu ce abin ya zo ba da kuka ba. Manoman yankin su na kokawa, don raƙumin dawa ya na son wake, ya kan shiga gona ko ya ja harawar da a ka ɗora a kan itace, mangwaro ma bai tsira ba. Haƙurin da waɗannan talakawa su ka yi shi ne ya raya garken, kuma ya kamata a faɗa.

Da a ka ga duk ƙwan na cikin kwando ɗaya, cuta guda ko fari guda na iya share su, sai a watan Nuwamba 2018 a ka ɗauki 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, a ka kai su gandun dajin Gadabeji a ƙasar Dakoro, jihar Maraɗi, inda rabon da a ga irinsu kusan shekara 50. A 2022 a ka ƙara 4, kuma sun fara haihuwa a can. Gadabeji kuwa ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye, daga can jajayen shanu da yawa ke fitowa zuwa kasuwanninmu.

Sai dai a ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga su ka kashe mutum 8 a yankin Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2. Wannan ta'asa ta kori baƙi masu kallo, ta kuma yanke ɗan abin da mutanen ƙauye ke samu. Rashin tsaron da ke hana mu kwana a hanya, shi ne dai ya taɓa su.

WAZA DA ZAKUMA

'Yan'uwanmu masu bin hanyar Kusiri zuwa Mora da Marwa su ma su na da nasu, gama kwaltar ta bi ta gefen gandun dajin Waza. Na can wani reshe ne dabam da a ke kira na Kurdufan, wanda a ke samu a arewacin Kamaru da kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya, har Sudan ta Kudu da arewacin Kwango. A 2018 a ka sa shi a jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Babban garkensu ya na gandun Zakuma a Cadi, inda tsaro ya ƙarfafa tun 2010. A wasu wurare kuwa saboda wutsiya kawai a ke kashe wannan ƙatuwar dabba, a yanke a bar gawar ga ungulu.

A duk Afirka, ƙididdiga ta nuna sun ragu daga wajen 155,000 a 1985 zuwa ƙasa da 100,000 a 2015. A watan Agusta 2025 hukumar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta amince cewa raƙumin dawa jinsi huɗu ne. Na Nijar da na Kamaru da Cadi duk su na cikin jinsin arewa, wanda ya fi kowane ƙaranci, wajen 7,000 kawai.

CUTA BA TA SAN IYAKA BA

Tun da jininsu ɗaya da saniya, wasu cututtukan ma ɗaya ne. Kaska na kama shi, carki kuma na bin jikinsa ya na tsince ta kamar yadda ya ke bin shanu. Ciwon saifa na kashe shi. Ciwon bushiya, wanda ya shigo ta gabar Eritiriya a 1887 ya iso ƙasashenmu wajen 1890, ya share mafi yawan shanun Afirka, ya haɗa da ɓauna da raƙumin dawa. Ya sake dawowa a farkon shekarun 1980, wasunmu sun ga wannan da idonsu. A 2011 a ka bayyana cewa an kawar da shi daga duniya. Abin lura a nan shi ne, ba wanda ya bi namun daji da allura. Shanu a ka yi wa rigakafi, da cutar ta rasa mazauni a cikin garke sai ta mutu a daji ma. Watau allurar da Alhaji ya biya wa shanunsa ta kare har abin da bai sani ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun san wani zai ce, mu fatake ne, ina ruwanmu da naman daji? To, a duba. Birnin Yamai ya wuce mutum miliyan guda, yawancin gidaje kuma da itace su ke girki, daga irin tudun nan na Kure a ke sarowa. Gonaki na ƙaruwa a dallol, burtali na ƙuntata, gawo na tsufa ba a barin ƙanana su taso. Raƙumin dawa ne zai fara nunawa, don shi ba ya da dusa ko harawa a ajiye. Bayansa sai shanu, su iso kara da ƙashi a waje, mu saya da tsada mu sayar da asara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Saboda haka ga abin da mu ke roƙon kowane ɗan ƙungiya:

Na ɗaya, masu motoci su ja kunnen direbobinsu. Daga Kure zuwa Birnin Gaure a rage gudu, tun ba da asuba da almuru da dare ba. Fitilar mota ƙafafu kawai ta ke haskawa, sai ka ɗauka itace ne. An sha buge su a wannan hanya, kuma tirela mai lodi in ta yi karo da kilo 1,000, ba raƙumin dawa kaɗai zai faɗi ba.

Na biyu, 'yan kora da makiyayan da mu ke ɗauka a gaya musu: in an hau gawo a rage reshe a bar kai, kada a yi masa ƙwal-kwabo, ƙaramin da ke tasowa kuma a kewaye shi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya, tun daga shekarun 1980 su ke barin toho a gonakinsu, har itatuwa su ka dawo a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5.

Na uku, motar da ta sauke shanu kada ta dawo da itace ko gawayi sai da takardar ma'aikatan gandun daji.

Na huɗu, kada kowa ya karɓi saƙon fata ko wutsiya ko ƙashi ko kilishin da bai san asalinsa ba, ko da wa ya ba shi. A 2019, a taron Janeba, ƙasashen duniya sun sa raƙumin dawa a cikin yarjejeniyar CITES, Nijar da Cadi da Mali na cikin waɗanda su ka nemi haka. Tun daga lokacin ba a ƙetare iyaka da wani sashe na jikinsa sai da izini. In 'yan duwan ko jandarma su ka same shi a motarka, shanun da ke ciki ma sun shiga uku, kuma sunan ƙungiya ne zai ɓaci.

Na biyar, in an tarar da mushe a daji, na saniya ne ko na naman daji, kada a feɗe, kada a bar garke ya yi kiwo a wurin. A sanar da likitan dabbobi mafi kusa, don ciwon saifa ya na kama mutum, ƙwayarsa kuma ta kan yi shekaru a cikin ƙasa.

Na shida, in kun haɗu da su a hanyar kora, a bar su su wuce. Kada a jefe su, kada a sa musu kare, kada kuma yaro ya matsa kusa da mai ɗa. Ba su faɗa wa mutum haka kawai, amma uwa uwa ce.

Na bakwai, a riƙa yi wa dabbobi rigakafi a kan lokaci, a kuma riƙe takardar likita kafin a tsallaka iyaka. Rigakafi ya fi magani.

Shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su karatun boko wannan bayani a ranar kasuwa, musamman direbobi da yaran mota. Wanda kuma ya ga wani abu a hanya, ko hatsari ko masu farauta, ya sanar da ma'aikatan gandun daji ko ofishin reshe mafi kusa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a dukiya, ya kuma ba ƙasashenmu zaman lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.